Lelya Keva da Kogin da Ya Hana Tihovo Sakat

Ranar Litinin, huɗu ga Oktoba na shekarar 2004, da ƙarfe tara da kwata na safe, na fara ganin Paraskeva Doncheva, wadda kowa ke kira Keva. Ta shigo ofishin gari na Tihovo, inda nake akawu, don a sa sunanta cikin rajistar mazauna. Aikin minti biyar ne, amma ya ci mana minti hamsin, domin da na tambaye ta inda aka haife ta sai ta faro daga ranar da akuyar kakarta ta ɓata a kan dutse.

Na ce, “Baiwar Allah, sunan garin kawai nake so.”

Ta ce, “Ai can na nufa, Gospodin Trifon. Ka dai bari akuyar ta sauko tukuna.”

Abin da na samu na rubuta daga ƙarshe shi ne: an haife ta a 1950, ta yi shekara ashirin da shida tana cire ’ya’yan tattasai a masana’antar gwangwani ta birni har aka rufe wurin. Mijinta, mai suna Rusi, ya rasu. Ɗanta ɗaya tilo yana Spain yana tsinkar lemo. Ta zo ta zauna a gidan surukarta da babu kowa a ciki, kuma ta ji ana neman lelya a makarantar reno da ke kallon tagar ofishina.

Lelya, wato inna a yarenmu, ba malama ba ce. Ita ke share majina, ta zuba miyar wake, ta ɗaure takalma, ta shimfiɗa gadajen barcin rana. Malamar ita ce Gospozha Manolova, wato Uwargida Manolova, mace mai tsari wadda ba ta son a ƙara wa jadawalinta ko minti ɗaya. Ta yarda Keva ta riƙa ba yara labari bayan cin abinci don barci ya ɗauke su. Sai dai Keva a gaban injuna ta koyi ba da labari, muryarta kuwa ko a ofishina ina jin ta. Maimakon yara su yi barci, sai ka gan su zaune a kan gadaje, idanu waje, suna ihu kerkeci ya bi ta hagu.

“Lelya Keva, barci na ce, ba yaƙi ba!”

“Gospozha, yanzu zan kashe kerkecin, kowa ya huta.”

Haka aka yi shekara uku.

A watan Satumba na 2007 aka kawo Zornitsa, wadda ake kira Zori, ’yar shekara biyar. An haife ta hannunta na hagu ya tsaya kaɗan a ƙasan gwiwa. Uwarta Iglika teloliya ce, kuma duk rigar da ta ɗinka mata sai ta tsawaita hannun hagu ta rufe bakinsa da ɗinki. Yara dai yara ne, kwana biyu suka gano. Ba su doke ta ba, ba su kore ta ba. Matsalar ta fito ne a wajen koyon rawar jere, wadda yaran reno ke buɗe bikin ranar haruffa da ita kowace shekara a dandalin gari, ranar ashirin da huɗu ga Mayu. Rana ce ta girmama haruffan da muke rubutu da su. A rawar kowa na riƙe da hannun na dama da na hagu. Gospozha ta duba, ta ga mutum ɗaya ne kawai hannunsa na hagu ba ya riƙe kowa, wato na ƙarshen layi, inda ake jera ’yan shekara uku masu tuntuɓe da ƙafafunsu. Can ta ajiye Zori. Wani yaro mai bakin tsiya, Stamen, ya laƙaba mata suna Wutsiya, sunan kuma ya bi ta.

Abin ya tsaya wa Keva a rai. Ita kuwa magani ɗaya ta sani a duniya. Wata rana a ƙarshen Maris ta zauna a bakin gado ta buɗe murya.

“A wani zamani, kafin a haifi kakar kakarku, an yi wata ’yar makiyayi mai suna Malina, hannunta ɗaya.”

Ta kwararo labari: Malina mai kirki ce, ta ceci ɗan shamuwa, ta ciyar da tsohuwa, ’yan ƙauye suna yi mata dariya. Daga ƙarshe fararen aljanun daji suka kai ta idon ruwa, suka wanke mata dungun, suka ɗaura jan zare a reshe, da gari ya waye sai ga hannu ya tsiro da yatsu biyar. Yara suka yi ta tafi. Keva ta koma gida tana jin ta yi aikin shekara.

Ta manta cewa a bayan cocinmu akwai idon ruwa, kuma babu yaron da bai taɓa raka kakarsa can ta wanke gwiwa mai ciwo ta ɗaura zare a reshe ba. Washegari da aka fita shan iska, yara goma sha takwas suka ɗauki Zori kamar amarya suka nufi bayan coci. Ita ma da gudu ta bi su, tana dariya. Suka naɗe hannun rigar, suka tsoma dungun cikin ruwan da ƙanƙara ba ta gama narkewa a bakinsa ba, Stamen ya tsinko zare daga safarsa ya ɗaura. Daga ranar, kowace safiya sai sun kewaye ta da igiyar awo.

“Ya ƙaru!”

“Ƙarya kake, jiya ma nan ya tsaya.”

“To wataƙila ba ta da kirki kamar Malina.”

Keva ta ji wannan magana da kunnenta, tana riƙe da tukunyar madara. Ta ce da ni daga baya ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Ranar Litinin bakwai ga Afrilu, Iglika ta zo ofishina ta ce in sa hannu a takardar cire ’yarta daga makaranta. Za ta kai ta wurin kakarta a wani ƙauye mai gida tara, inda babu yaro ko ɗaya. Ina cikin neman hatimi sai ga Keva ta faɗo, ludayi a hannu, ta hango ta daga taga.

“’Yata, tsaya, don Allah.”

“Ba ni da magana da ke, Lelya. Kwana tara yarinyar nan tana auna hannunta da zaren ɗinkina. Jiya ta tambaye ni laifin da ta yi aljanu suka ƙi ta. Ke za ki amsa mata?”

“Ni zan amsa. Ni na ɓata, ni zan gyara. Ki ba ni zuwa ranar haruffa.”

“In ba ki lokacin, ki yi me? Ki tsaya da ita a wutsiya, gari duka na kallo suna cewa wayyo?”

“Ba za ta tsaya a wutsiya ba.”

“A ina za ta tsaya?”

“A tsakiya.”

Iglika ta yi wata dariya marar daɗi. Ta ce in sa hannun, na sa. Ta ninke takardar ta jefa a jaka, ta ce idan ranar biki ta ga ’yarta a ƙarshen layi, ko a gefe da kwandon furanni, to ranar Litinin takardar za ta dawo teburina. Da ta fita na tambayi Keva yadda za ta sa mai hannu ɗaya a tsakiyar rawar jere.

Ta ce, “Ni ma da za ka gaya mini da na gode.”

Ta zauna ta bi duk labaran da ta gada kaf, ta ga abu ɗaya: gurgu ko makaho ko bebe, in na kirki ne ya warke a ƙarshe, in ba haka ba ya mutu. Babu labarin da aka bar mutum yadda yake ya ci gaba da harkarsa. Don haka washegari ta tsaya gaban gadaje ta dafe ƙirji.

“Yara, an cuce ni. Wanda ya ba ni labarin Malina maƙaryaci ne. Jiya na gamu da wata tsohuwa da ta san ta ido da ido. Babu hannun da ya tsiro. Haka ta girma, haka ta yi kiwo, kuma abin da ta yi ya fi na aljanu ban mamaki.”

“Aljanun fa?”

“Sun tafi Spain tsinkar lemo, har yau ba su dawo ba.”

Yara suka fashe da dariya, domin rabinsu iyayensu can suke. Aka kafa doka: a wannan labari babu aljani, babu tsafi, duk abin da ya tare wa Malina hanya sai an san yadda ta yi da gaske.

Tun a rana ta farko labari ya cije. Malina za ta fita kiwo, dole ta ɗaure takalminta. Ta yaya? Keva ba ta sani ba. Ta gwada a gida, hannu ɗaya a aljihu, ta kusa faɗawa kan murhu. Sai ta faɗa wa yara gaskiya, ta ce tsohuwar ba ta gaya mata wannan ba, kowa ya gwada. Ɗaki ya kaure. Wasu da haƙori, wasu da ɗan yatsan ƙafa. Stamen ya ɗaure takalmansa biyu wuri ɗaya ya kife. Zori na zaune a gadonta ta juya baya, tun kwanakin awo ba ta yi wa kowa magana ba. Kwana biyu ana wannan shirme. A rana ta uku ta waiwayo, haushi ya ishe ta.

“Ba haka ake yi ba. Ku duka wawaye ne.”

Ta sauko, ta taka igiya ɗaya da ɗaya ƙafar, ta danne madauki da dungun, ta murɗa da yatsu. Kafin Keva ta ƙifta ido an gama.

“Sake! Sake, ban gani ba!”

Ta sake sau shida. Daga nan labari ya samu ƙafa. Kullum Malina na gamuwa da sabon aiki, kullum ido na komawa kan Zori. Yadda ake ɓare dafaffen ƙwai. Yadda ake yanka burodi. Yadda ake tatsar akuya, wanda Zori ta ce ita ma ba ta sani ba, aka tura tambaya gida. Hannun rigar nan mai ɗinki yana hana ta aiki, sai ta riƙa naɗe shi da kanta, ba wanda ya ce mata. Wata yarinya mai suna Denka ta tambaya ko yana zafi, ta ce a’a, amma yana jin cakulkuli. Nan take layi ya kafu, har sai da Gospozha ta buga tebur.

Keva ta ga abu na tafiya, murna ta ɗebe ta, sai ta jefa kanta cikin rami. Ranar Litinin sha huɗu ga wata ta kai Malina da ƙannenta shida bakin kogi, ruwa ya cika ya batse, gida na ƙetare. Dole su shiga a jere suna riƙe da juna. Ƙarfin ruwa a tsakiya yake, Malina ce babba, dole ita ce a tsakiya, uku a damanta uku a hagunta. In ta koma ƙarshe ruwa ya tafi da ƙanana.

“To na hagun me za su riƙe?”

Keva ta miƙe ta hau gyara barguna. Ta ce, “Gobe.”

Gobe ta zo babu amsa. Yara suka kawo tasu. A yi gada. Keva ta ce babu itace. A kawo igiya. Akuya ta cinye. A riƙe dungun. Zori da kanta ta ce zai sulluɓe, suka jiƙa shi suka gwada, ya sulluɓe. Stamen ya ce a kira jirgi mai saukar ungulu. Yara suka ɗauki kogin suka kai gida, suka ƙi cin abinci, suka ƙi barin kowa ya kalli talabijin. Daga gidaje ya fito shagon burodi, ya shiga gidan shan kofi. Direban bas ya ce ta goyi ɗaya, aka ce saura biyu fa. Fada, limamin cocinmu, ya ce a jira ruwa ya janye, matan coci suka ce ga dare ga kerkeci. Ni kaina na ƙirga mutum goma sha ɗaya da suka zo ofis da wata buƙata suka ƙare da tambayata ko akwai doka a kan barin yara a cikin ruwa. Na zana layin a bayan ambulan, ɗigo bakwai, na kasa.

Ranar Alhamis sha bakwai ga wata, ana shirin barcin rana, aka ji sanda na dukan ƙofa. Dyado Grozdan ne, wato tsoho Grozdan, kakan Stamen, mai busa gaida, algaitarmu ta salkar akuya, yana da shekara tamanin da ɗaya. Ya shigo da jar ɗamarar ulu a kafaɗa.

“Wace ce mara imanin da ta jefa yara bakwai a kogi ta bar su kwana huɗu? Ke ce? Jikana ya hana ni shan miya!”

“Dyado, in kana da gada ka shimfiɗa, in ba ka da ita ka rage murya, ana barci.”

“Barci? A gidan da kike? Ku tashi, ’yan banza! Wa ya ce muku da hannu ake riƙe mutum a ruwa? Hannu gumi yake, ya sulluɓe. Mu da muke rawa ta gaske, ba irin taku ta ’yan birni ba, ɗamara muke kamawa. Ke ’yar teloliya, zo nan.”

Ya naɗa wa Zori ɗamarar, ta zagaye ta sau biyar. Aka ɗaura wa sauran tawul da gyale. Ya jera bakwai, ita a tsakiya. Kowa ya kama ɗamarar na damansa da ta na hagunsa. Zori ta kama ta dama. Ta hagu ba ta kama ba, amma na hagun ya riga ya cusa yatsunsa cikin tata.

“Kun gani? Riƙo biyu ne a kowane tsakani. In ɗaya babu, ɗaya na nan. Ke mai surutu, ja can, in ja nan.”

Keva ta ja, tsoho ya ja, yara suka yi ta kururuwa, layi ya miƙe kamar tsirkiya bai tsinke ba. Aka shimfiɗa shuɗin bargo tsakanin gadaje, Malina da ƙannenta suka haye, suka dawo, suka sake hayewa. Keva na tsaye tana haki, sai ta daina dariya. Ta juya a hankali ta dubi Gospozha Manolova.

“A’a,” in ji Gospozha. “Kada ma ki fara. Sati biyar ya rage, ’yan shekara biyar ne, kuma kayan bikinmu babu ɗamara.”

“Gospozha, akwatin kowace tsohuwa a garin nan akwai ɗamarar mijinta.”

“Za su faɗi su fasa hanci.”

Dyado ya ce, “In ɗaya ya faɗi sauran su ɗaga shi, ai amfanin abin ke nan. Ni zan busa, kyauta, don a rabu da rediyon nan naku mai tari.”

Gospozha ta ɗauki jadawalinta ta daɗe tana kallo, sannan ta ja layi ta soke wani abu.

Aka buɗe akwatuna. Ɗamara ashirin da uku suka zo, gidan reno ya yi sati yana warin maganin asu. Rigima ta tashi a kan wa zai tsaya hagun Zori, domin a labari wurin jarumi ne. Aka yi ƙuri’a da ƙwayar wake, ta faɗa kan Denka. Stamen ya yi fushin kwana biyu. Sunan Wutsiya kuwa ban san ranar da ya mutu ba. Na tambayi Keva, ita ma ba ta lura ba.

Ranar Asabar ashirin da huɗu ga Mayu rana ta fito tas. Dandali ya cika, har da waɗanda ba su da ɗa ba su da jika, domin kowa na son ganin yadda aka haye kogin. Iglika na can baya kusa da famfo, jaka a hammata. Keva ta gan ta, ta ci gaba da ɗaure ɗamaru tana ja har yara na cewa ta rage.

Ƙarfe goma da rabi Dyado Grozdan ya hura salka. Yara goma sha tara suka fito kafaɗa da kafaɗa, Zori ce ta goma. Suka zagaya sau ɗaya a hankali. Tsoho ya ƙara wuta, ƙafafu suka bi. A zagaye na biyu wani ɗan shekara uku ya yi tuntuɓe, ya yi lilo a jikin ɗamararsa, ƙafafu a sama, aka wuce da shi har ya samu ƙasa. Dandali ya ɗauki shewa. Da aka zo inda ake yin ihu, Zori ta ɗaga hannunta na hagu sama, shi kaɗai ne hannun da ba ya riƙe da komai a tsakiyar layin, hannun riga ya zame har kafaɗa. Ta kaɗa shi tana ihu ya fi na kowa. Wasu tsofaffi suka dubi juna. Dyado bai ba su damar tunani ba, ya ƙara sauri, direban bas ya kama bel ɗin fada, manya suka faɗa rawa, ni ma aka fizge ni da takardun jawabin magajin gari a hannu.

Keva ba ta yi rawa ba. Ta tsaya a gindin bishiya tana murza gyalenta har Iglika ta ratso taro ta iso gabanta. Idanun Iglika sun yi ja.

“Lelya, kin matse mata ɗamara da yawa.”

“Na sani, ’yata. Tsoro nake kada ta kwance.”

Iglika ta gyara jakarta, ta dubi layin yara.

“Ranar Litinin in za ku fita shan iska ki sa mata rigar sanyi, tana ɗan tari. Kuma kada in sake jin an kai ta bayan coci.”

Takardar ba ta dawo teburina ba. Zori ta gama reno tare da sa’o’inta, ta yi firamare a garin da ke kusa, yanzu tana aikin awon filaye a birnin Plovdiv.

Lelya Keva ta ci gaba da labarin Malina shekara bakwai. A ciki an samu ƙane mai in’ina da maƙwabci kurma, gwargwadon yaran da aka kawo mata, kuma ba ta sake warkar da kowa ba. An rufe makarantar reno a watan Yuni na 2015 da yara suka ragu zuwa shida. Keva ta tafi wurin ɗanta a Spain, ta yi hunturu ɗaya ta dawo, ta ce babu mai jin yarenta. Ta rasu a gidanta na Tihovo ranar sha ɗaya ga Fabrairu na 2021, tana da shekara saba’in, bayan jinyar kwana tara.